Kurakuran da Masu Gina Buɗaɗɗun Manhajoji Ke Yi wa Sabon Shiga

Manhajojin da 'yan sa-kai ke ginawa su bar tushen rubutunsu a buɗe, domin kowa ya duba ya gyara, ba su da ƙarancin ƙarfin aiki. Linux, babbar manhajar sarrafa kwamfuta da Linus Torvalds ya fara a 1991, shi ne ginshiƙin wayoyin Android, kuma VLC, wadda ta samo asali daga ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa, tana buɗe bidiyon da wasu manhajojin kuɗi ke kasawa. Inda suka fi samun cikas shi ne mu'amala da mutumin da ya zo musu karon farko, kuma tushen matsalar guda ne: wanda ya gina manhajar ya san ta ciki da bai, don haka idonsa ba ya ganin inda baƙo ke yin tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar shirun masu amfani a matsayin gamsuwa. Ƙwararre idan ya ci karo da tangarɗa yakan rubuta rahoto a GitHub, shafin da masu gina manhajoji ke ajiye aikinsu, ya bayyana abin da ya faru dalla-dalla, har a gyara masa. Sabon shiga kuwa zai ɗauka laifin nasa ne, ya goge manhajar ya yi gaba ba tare da ya ce uffan ba. A haka ake wayar gari duk gyare-gyaren da ake yi na ƙwararru ne. A 2017 shafin Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke yi wa juna tambayoyi, ya sanar cewa an duba tambayar yadda ake fita daga manhajar rubutu ta Vim fiye da sau miliyan ɗaya. Vim ta ƙwararru ce, ba a musu, amma adadin ya nuna yawan mutanen da kan maƙale a wurin da mai manhaja ba ya ko tunawa da shi.

Daga nan sai ƙofar shiga. Na taɓa zama da ƙanena yana son sauke wata manhajar gyara sauti domin wa'azin da yake naɗa a masallacin unguwarmu. Shafin saukewar ya jero masa fayil kusan goma, kowanne da lambobi da haruffan da ba su gaya masa komai ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo ya ce, “Yaya, wanne ne nawa a ciki?” Ya zaɓi wanda ba na kwamfutarsa ba, datarsa ta tafi a banza. Maganin wannan ba wahala gare shi: shafin ya gane irin na'urar mai ziyara, ya nuna masa maɓalli ɗaya babba tare da nauyin fayil ɗin, sauran kuma a ajiye su can ƙasa ga mai bukata. Haka nan bai kamata a tura mutum neman wani ƙarin abu ba kafin aikin farko ya yiwu. Masu amfani da manhajar gyara sauti ta Audacity sun shafe shekaru suna sauke wani ƙarin abu mai suna LAME daban kafin su iya fitar da sauti a MP3, saboda batun haƙƙin mallaka, sai a 2019 aka haɗa shi a cikin manhajar.

Kuskuren da ya fi wuyar amsawa shi ne saɓa wa abin da hannun mutane ya saba da shi. Blender, manhajar zanen 3D, ta daɗe tana sa a zaɓi abu da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, alhali kusan kowace manhaja da na hagu take aiki. Masu ita suna da hujjojinsu, kuma tsofaffin masu amfani sun kare tsarin da zafi, amma da fitowar Blender 2.80 a 2019 aka mayar da na hagu ya zama shi ne saitin farko. GIMP ma, manhajar gyara hoto, a da takan buɗe da tagogi barkatai a warwatse a kan allo. An kawo zaɓin taga ɗaya a 2012, bai zama saitin farko ba sai 2018. A ganina waɗannan shekaru shida su ne darasin, domin zaɓin da aka ɓoye a cikin saiti wanda ya riga ya ƙware ne kaɗai zai gano shi. Idan 'yan sa-kai suka yi saɓani, hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara wani zaɓi kowa ya huta, sai dai sabon shiga ne ke ɗaukar nauyin wannan sulhu. Abin da ya dace shi ne a yanke shawara a kan saitin da ya fi dacewa da baƙo, a bar wa ƙwararre ikon canzawa.

Saƙon kuskure ma yana bukatar kulawa. Lamba tsirara ba ta amfani kowa. A faɗi abin da ya faru da abin da mutum zai yi yanzu. Jagorar amfani kuma ta fara da aikin da mutum ya zo yi, kamar rage girman hoto, kafin bayanin kowane maɓalli.

Akwai kuma batun harshe, wanda ake yawan barinsa sai ƙarshe. Idan mai rubuta manhaja ya yanka jimla gida uku ya liƙa su bisa tsarin Turanci, mai fassara ba zai iya juya ta zuwa Hausa mai daɗin ji ba, ko da ana amfani da kayan aikin fassara irin su gettext da Weblate. A ba shi jimla cikakkiya da bayanin inda za ta bayyana. Mai fassara zuwa Hausa yana da tasa matsalar, domin “ka danna” na namiji ne, “ki danna” na mace, shi ya sa “a danna” ya fi dacewa. A kuma tabbatar salon haruffan manhajar yana nuna ɓ da ɗ da ƙ, kada su fito a matsayin akwatuna.

Duk waɗannan ana gano su ta hanya ɗaya mai arha. Ubuntu, wani nau'i na Linux, ta ƙaddamar da wani shiri a 2009 na farautar ƙananan matsaloli ɗari masu sauƙin gyara da ke damun sabon mai amfani, kuma ƙaramin aiki ma zai iya kwaikwayonsa. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe yana cewa gwaji da mutum biyar ya isa ya fito da mafi yawan matsalolin. A samo mutumin da bai taɓa ganin manhajar ba, a ba shi aiki guda, misali ya buɗe fayil ya gyara ya adana, a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani a fili. Mai manhajar ya zauna gefe da takarda da biro, ya kame bakinsa ko da ya ga an ɓata hanya, ya rubuta duk inda mutumin ya tsaya yana neman abin dannawa. A gyara wurare biyu ko uku da suka fi tsayar da mutane, sannan a kira wasu sababbin biyar a sake gwadawa.