Masu shirin jarrabawar Turanci, ku kula da kalmar "restive"

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga wata kalma da ke yaudarar ɗalibai da yawa: restive. Da an ga "rest" a farkonta sai a ɗauka hutu take nufi ko natsuwa. Ina! Akasin haka ne.

Daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci, daga "restif", ita kuma daga "rester", wato tsayawa wuri ɗaya. Da farko doki ake faɗa wa ita, irin wanda ya turje, a ja linzami, a sa masa ƙaimi, ya kafe ƙafafu ya ƙi gaba. To, wanda ya taɓa ganin doki mai gardama ya san ba shiru yake tsayawa ba: yana ja da baya, yana kaɗa kai, yana tono ƙasa da kofato. Daga nan ma'anar ta gangaro zuwa rashin haƙuri da ƙin bin umarni.

Saboda haka kada ku yi amfani da ita ga wanda zafi ko sauro ya hana barci, wannan restless ne. Ku ajiye restive ga wanda aka tsare ko aka danne har ya fara tirjiya, kamar taron da aka bari a rana ana jiran babban baƙo, ko ma'aikatan da albashinsu ya makara. Jaridunmu ma da wannan ma'anar suke rubuta "youth restiveness" idan suna maganar matasan yankin Neja Delta.