Yadda Ake Tara Tsofaffin Littattafan Malaman Yahudawan Ingila

Mai son tara littattafan malaman Yahudawan Ingila, waɗanda ake kira rabbi, ya fara da sanin iyakar filin. Sarki Edward na Ɗaya ya kori Yahudawa daga Ingila a 1290, ba su dawo zama a fili ba sai 1656, zamanin Oliver Cromwell. Saboda haka ɗab'in Ibrananci na Yahudawan Landan bai kai na Venis ko Amsterdam tsufa ba, kuma bai kai su yawa ba. Wannan ƙarancin shi ne amfanin fannin, domin mutum ɗaya mai haƙuri zai iya sanin kusan duk abin da ke cikinsa.

Abu na farko, a bi malami, kada a bi gari. Da yawa daga cikin malaman nan daga Jamus ko Italiya aka ɗauko su, kuma manyan ayyukansu a waje aka buga. David Tevele Schiff ya jagoranci Babbar Majami'ar Yahudawan Landan daga 1765 zuwa 1791, amma littafinsa Lashon Zahav a Offenbach ya fito a 1822, shekaru bayan rasuwarsa. Nathan Marcus Adler, babban rabbi daga 1845 zuwa 1890, a Vilna aka buga sharhinsa Netinah la-Ger a 1875. Wanda ya tsaya kan abin da aka rubuta Landan a bangonsa kaɗai, duk waɗannan za su wuce shi. A rubuta jerin malaman da shekarunsu a takarda ɗaya, a raba su gida biyu: na Safardawa, masu asali daga Sifen da Fotugal, waɗanda ke kiran shugabansu Haham kuma suka buɗe majami'ar Bevis Marks a 1701, da na Ashkenazawa, masu asali daga Jamus da Poland. Daga nan a zaɓi mutum ɗaya ko biyu.

Littattafai biyu ne kowa ke fata: Urim ve-Tumim na Aaron Hart, ɗan ƙaramin littafi kan rikicin wani saki da aka buga a Landan a 1707, da Matteh Dan na Haham David Nieto na 1714, wanda ya fito da Ibrananci da Sifaniyanci. Sabon shiga ba da su zai fara ba. Abin da ya fi dacewa da aljihunsa shi ne littafin addu'a na Simeon Singer da ya fara fitowa a 1890, da fassarar Attaura da sharhin Joseph Hertz mai juzu'i biyar na 1929 zuwa 1936, da ƙananan takardun wa'azi da tsarin addu'o'in da ake bugawa ranar naɗin sarki ko rasuwarsa. Waɗannan takardun ake rainawa, alhali su ne suka fi saurin ɓacewa, don an buga su ne don yini ɗaya.

Sai karanta shekara, inda mafi yawan kuskure yake. Wanda ya san lissafin abajada da ramzin da malamanmu ke sa wa a ƙarshen waƙoƙin ajami ya riga ya yi rabin aikin, domin haruffan Ibrananci ma lamba ne: alef 1, yud 10, kuf 100, resh 200, shin 300, tav 400. Maɗaba'a yawanci ba ta rubuta dubbai. A tara haruffan, a ƙara 1240, a samu shekarar Miladiyya. Tav da ayin da dalet su ne 400 da 70 da 4, wato 474, a ƙara 1240 a samu 1714. Amma shekarar Yahudawa a Satumba ko Oktoba take kamawa, don haka littafin da ya fito daga lokacin zuwa ƙarshen Disamba sai a rage ɗaya. Sau da yawa kuma ana ɓoye shekarar cikin wata aya a ƙasan shafin farko. A nan haruffan da aka girmama ko aka ɗiga wa alama kaɗai ake ƙirgawa. Idan ɗigo ɗaya ya goge, lissafi zai iya kaucewa da shekaru goma ko ɗari, shi ya sa dole a gwada da kundin Cecil Roth na 1937, Magna Bibliotheca Anglo-Judaica, da kundin Ɗakin Karatu na Ƙasa na Isra'ila da ke intanet. A kuma kula da sunan gari: wasu maɗaba'un Jamus da Poland kan rubuta Amsterdam da manyan baƙaƙe, a sama da shi kuma ƙanana masu cewa "da haruffan", ma'ana salon harafin kawai suka ara.

Kafin a biya ko sisi, a ƙirga ganye. Tsofaffin littattafan Ibrananci ganye ake ba wa lamba, ba shafi ba, kuma daga dama ake buɗe su. A ƙasan kowane shafi akwai kalmar da shafi na gaba zai fara da ita. Inda ba su haɗu ba, ganye ya fita. Waɗanda suka fi ɓacewa su ne shafin suna, da ganyen amincewar malamai da ake kira haskama, da na ƙarshe. A ɗaga shafin suna a haske. Takardar ƙarni na 18 tana nuna layukan ragar da aka zuba ta a kai, harafin kuma yana ɗan nutsewa cikinta. Idan shafin ya yi sumul, ko farinsa ya bambanta da na maƙwabcinsa, ko ramin da ƙwaro ya huda ya ratsa littafin duka ya tsallake shi, to daga baya aka liƙa shi. Irin wannan kwafin darajarsa ta faɗi ƙwarai, ko da dillali bai faɗa ba.

Kada a goge rubutun masu littafin na da. Sa hannu, hatimi, gyaran da wani malami ya yi a gefe, sunayen da suka yi alkawarin saye tun kafin a buga, a nan tarihin yake, musamman da yake Babbar Majami'ar ta ƙone a harin jiragen Jamus na Mayun 1941. Sa hannun babban malami kuwa sai an gwada shi da wasiƙar da aka tabbatar tasa ce, domin shi aka fi ƙirƙira. Hatimin makaranta ko ɗakin karatu yana buƙatar shaidar cewa su suka sayar. Littafin da ke ɗauke da hatimin wata al'ummar Turai da 'yan Nazi suka wawashe, a tambayi hanyar da ya bi daga 1933 zuwa 1945. Idan mai sayarwa ya kasa amsawa, a haƙura da shi.

A wajen gwanjo, irin na Kedem a Kudus ko Kestenbaum a New York, kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshe ba. Ladan gidan gwanjon kan kai kusan kashi 25 cikin ɗari, ban da aikawa. A nemi hotunan shafin farko da na ƙarshe da duk inda aka gyara. Rubutun hannu da ya haura shekara 50 kuma yana buƙatar lasisi kafin a fitar da shi daga Birtaniya.

Ajiya ita ce sauran aikin. A nemi ɗaki mai sanyin digiri 16 zuwa 19 da laimar kashi 45 zuwa 55, nesa da hasken rana. Laima ta haura 65, fumfuna ta kama. Takardar bayan 1860 yawanci da niƙaƙƙen itace ake yin ta, tana da tsami, tana yin ja ta karye, don haka bugun Vilna kan fi na 1714 rauni duk da ƙuruciyarsa. A sa kowane littafi cikin akwatin kwali marar tsami, manya a kwance. Salatif haramun ne a nan: mannensa na shiga takarda ya bar tabon da ba ya fita. Yagewa da takardar Japan da kunun sitacin alkama ake gyara ta, kuma aikin gwani ne. Fatar bango da ke zubar da jan gari kada a shafa mata mai. Littafin da ke da sunan Allah ba a ajiye shi a ƙasa a al'adar Yahudawa, wanda ya lalace ƙwarai kuma ana miƙa shi ga majami'a ta adana shi a geniza, wato ma'ajiyar lalatattun littattafai masu tsarki, har a binne shi.