Yadda ake harba Vikhr daga Su-25T ya samu tanka

Wanda ya sauke DCS World, wasan kwamfuta na tuƙin jiragen yaƙi, jirgin Su-25T kyauta yake zo masa, kuma aikinsa farautar tankoki da motocin yaƙi. Makaminsa mafi amfani shi ne Vikhr, makami mai linzami da ke bin hasken leza. Jirgin yana ɗaukar 16, takwas a ƙarƙashin kowane fiffike, suna cin zangon kilomita 8 zuwa 10.

Fara da duba maɓallanka. Kwamfutoci da yawa a Maradi tsarin Faransa gare su, wato AZERTY, alhali littafin jirgin da QWERTY ya yi lissafi. Shiga wurin saita maɓallai, ka mayar da maɓallai huɗu masu juya kyamarar jirgin sama, ƙasa, dama da hagu inda yatsunka za su same su ba sai ka duba ba.

Tun kana nesa, kamar kilomita 15, danna 7 don harin ƙasa, ka yi ta danna D har Vikhr ya fito, sannan O ya kunna Shkval, kyamarar da ke hancin jirgin. Hotonta zai bayyana a ƙaramin talabijin na hannun dama. Danna H jirgin ya riƙe tsayinsa da kansa. Kai kyamara unguwar da abokan gaba suke, ka danna Enter ta tsaya a ƙasa, sannan ka jawo hoton: ninki 8 na nema ne, ninki 23 na tantancewa.

A nan sababbi ke tuntuɓe. Shkval ba ta san tanka ba, bambancin haske da girman abu take kamawa. Akwatin da ke tsakiyar allo yana da ma'auni, mita 10 ne daidai da tanka. Ka bar shi a 60 na gada ko babban gini, ko ka kwana kana dannawa ba za ta kama ba. In ta kama, sai ka kunna leza da Shift na dama haɗe da O. Kada ka yi gaggawar kunna ta, zafi take ɗauka. Ta yi kamar minti ɗaya a kunne sai ta kashe kanta ta huce, ko da makaminka yana tsakiyar hanya.

Juya hancin jirgi har da'irar harbi ta hau kan alamar tankar. Da ka ga haruffan Rasha ПР, riƙe maɓallin harbi har makamin ya fita.

Yanzu haƙuri ya rage. Vikhr ba tankar yake kallo ba, idonsa a wutsiya yake, cikin hasken lezarka yake tafiya kamar mai bin turba. Kyamarar digiri 35 kawai take iya juyawa dama ko hagu. Ka karkata da ƙarfi, hasken ya kauce, makamin ya faɗa fili. Ci gaba da fuskantar wurin a hankali, ka rage gudu don kada ka iske kanka a kansu. Shilka, motar kakkaɓo jirage, tana harbi zuwa kusan kilomita 2.5, Igla kuwa, makami mai linzami da ake harbawa daga kafaɗa, kusan 5, don haka da zarar ka ga fashewa, kashe leza, ka juya kana sakin tartsatsin yaudara da Delete.

Idan wurin cike yake da masu kakkaɓo jirage, ɗauki makami mai linzami Kh-29T. Kyamararsa a kansa take, da ya bar fiffike kana iya juyawa. Harin dare kuma sai da kyamarar Mercury a ƙarƙashin cikin jirgin, don Shkval ba ta gani a duhu.