Yadda ake neman kansul ta biya kuɗin gidan kula da tsofaffi a Ingila

Mu dai ba mu saba kai tsoho wani gida a ajiye ba, amma wanda ke zaune a Ingila ya san idan ciwon mantuwa ya yi nisa ko shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, ga kowa na fita aiki, wani lokacin babu yadda za a yi. Kuɗin kuma ba na wasa ba ne, gida mai ma'aikatan jinya sai ya haura fam dubu a sati.

Kar ka fara da zagayen neman gida. Fara kiran sashen kula da manya na kansul, wato ƙaramar hukumar da tsohon yake zaune, ka ce a zo a duba irin kulawar da yake buƙata, kyauta ne a ƙarƙashin dokar kula da manya ta 2014 (Care Act) ko da kuwa attajiri ne. Ranar da za su zo ka tabbata kana nan, don tsofaffinmu akwai kara, ana tambayar Hajiya ya jiki sai ta ce lafiya lau alhamdulillahi alhali ko banɗaki ba ta iya zuwa ita kaɗai, su kuwa abin da aka faɗa shi za su rubuta. Ka bayyana yadda take a ranakun da jikin ya fi tsananta.

In sun yarda sai an kai ta gidan kula, sai a shiga lissafin dukiya. Wanda ajiyarsa da kadarorinsa suka haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Ƙasa da fam 14,250 ba a taɓa ajiyar, amma fanshonsa kusan duk can zai tafi, ɗan abin kashewa kawai ake bar masa, fam talatin da 'yan kai a sati. Tsakanin biyun kuwa kowace fam 250 ana ƙara masa fam 1 a sati kan abin da zai bayar. Dukiyar shi tsohon ake dubawa ba ta 'ya'yansa ba, in asusu na haɗin gwiwa ne da mata yawanci rabi ake ɗauka nasa.

Rigimar tana kan gidan da tsohon ya mallaka. In matarsa ko mijinta na ciki, ko ɗan'uwa mai shekara 60 zuwa sama, ko naƙasasshe, ba a lissafa shi. In babu kowa, ana ɗaga ƙafa sati 12 na farko sannan ya shiga lissafi, kuma za ka iya neman kansul ta riƙa biya a matsayin bashi har a sayar, sai dai akwai ruwa a kai, wanda wannan ya dama sai ya fara tambayar malamai. Fili ko gidan da Baba ya gina a Kano ko Zariya shi ma kadara ne fa, kar a ɓoye.

Masu ba da shawarar a yi maza a juya gidan zuwa sunan ɗa, kar ka biye musu. In kansul ta gane don gudun biya aka yi, lissafa shi za ta yi kamar yana hannunsa, ba ta da iyakar shekarun da za ta waiwaya, tana ma iya bin wanda aka ba gidan ya biya kuɗin.

In ciwon ne ya fi yawa, ba tsufa kaɗai ba, ka nemi a duba shi don NHS Continuing Healthcare, wato kulawar da hukumar lafiya ta ƙasa ke ɗaukar nauyi, wannan ba ruwansa da dukiya, komai suke biya, samunsa ne dai da wuya. Sannan in kun zaɓi gidan da ya fi abin da kansul ta ware tsada, misali don yana kusa da ku ko suna dafa halal, cikon yawanci kan dangi yake faɗawa, ka karanta takardar da kyau kafin ka sa hannu don kuɗin na tashi kusan duk shekara. Waɗannan alƙaluma na Ingila ne, a Wales iyakar fam 50,000 ce, Sikotilan ma tsarinta daban.