Baƙar Mota da Saƙar Gizo: Yadda Nake Cire Zanen Fenti a Zariya

Wata Asabar cikin Janairu na fito daga kasuwar Sabon Gari da hantsi, rana ta faɗo daidai kan bonet ɗin baƙar Camry ɗita. Sai na ga fentin ya cika da ƙananan zane masu zagaye, sun kewaye hasken ranar kamar saƙar gizo. Babu mai Keke Napep da ya goge ni, babu ɗan acaɓa da ya taɓa ni. Da hannunmu muka yi wannan ɓarnar, ni da ɗan yayana da ke kaɗe mata ƙura kowace safiya da busasshen tsumma.

Sai ka fahimci abin da ke faruwa kafin ka sayi ko da kwalba ɗaya ta man goge. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa da ke kama ƙarfe, akwai launi, sannan a sama akwai wani fenti garau mara launi da masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba da sheƙi, kuma kaurinsa bai wuce maikuron 40 zuwa 50 ba a yawancin motoci. Silin gashin kai ma ya fi shi kauri. Saƙar gizon nan dubban ƙananan kwarzane ne a jikin kiliya. Ba dole ne su zama zagaye ba, hasken rana ko na tocila ne ke kama gefensu ya nuna su haka. Farar mota ma tana da su, ɓoye su take yi. Baƙa ce ba ta rufa wa kowa asiri.

Mu kuma a nan muna da abin da ke ƙara mana wahala. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗebo ƙura daga Sahara, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zube mana. Ga jar ƙasar titunan unguwa. A cikin ƙurar nan akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya sa tsumma a kai ba ruwa, sanfefa ya goga wa motarsa, ko da da niyyar alheri ya yi.

Shi ya sa gyaran ke farawa daga wanki. Idan ba ka canja yadda ake wanke motar ba, kada ka ɓata kuɗinka wajen goge ta, don kafin wata biyu zanen zai dawo.

Ni da sassafe nake wanki, ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, fenti ya huce. Baƙar mota da ta wuni a rana cikin Afrilu ba ka iya ɗora mata tafin hannu, kuma ruwa da sabulu nan take suke bushewa a kanta su bar tabo. Nakan fara watsa ruwa sosai daga sama zuwa ƙasa ba tare da na taɓa jikin ba, don ƙurar ta sauka da kanta. Sai bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. In tsoma safar wanki ta maikurofaiba, wato wani yadi mai laushi sosai, a sabulu, in wanke ƙofa ɗaya a miƙe, ba a zagaye ba, in ɗauraye ta a ruwa zalla, sannan in koma sabulu. Idan ka gama ka leƙa gindin bokitin ɗauraya ka ga yashin da ya kwanta, za ka gane abin da a da kake mayarwa jikin motarka. Jarka uku ta 'yan garuwa tana isata. Tayoyi da ƙasan ƙofa su ne na ƙarshe, kuma da nasu tsumman daban. Omo da sabulun wanke-wanke ka bar su a kicin da banɗaki: suna cinye man kariya, suna busar da roba. Sabulun mota na ruwa ba shi da tsada, murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti. Idan ruwan burtsatse kake amfani da shi, kada ka bari ya bushe a jiki. Ka ɗora babban tawul ɗin maikurofaiba ka tsane, ba ka dirza ba.

Bayan ta bushe, sa hannunka cikin farar leda ka shafa bonet a hankali. In ka ji gurza-gurza, akwai kwalta da dattin da suka nutse wanda wanki bai fitar ba. Akwai wani abu kamar yumɓu da ake sayarwa don wannan, ana shafa shi a kan ruwan sabulu har wurin ya yi sumul. Idan ya faɗi ƙasa, ya tashi aiki, jefar da shi.

Yanzu a duba zanen. Shigar da motar gareji ko ka jira magariba, ka haska tocilar waya kusa da fenti. Kwarzanen da ka ja farce a kai ka ji ya maƙale, ya yi zurfi, goge ba zai fitar da shi ba, aikin mai fenti ne. Wanda farce ya wuce sumul, shi ne namu.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe: gogewa ba cike ramin take yi ba, kankare kiliyar da ke kewaye take yi har ta yi daidai da gindin kwarzanen. Duk gogewa rage kiliya ce, kuma ba ta tsirowa. Na koyi wannan da tsada. Kafin in san haka na kai motar wani gareji, mai aikin ya ɗauko injin goge fenti mai juyi ɗaya da soson ulu, ya bi ta cikin minti arba'in. A inuwa ta yi kyau har na ƙara masa kuɗi. Washegari a rana sai ga wasu layuka masu walƙiya suna bin jiki, kuma a kan ƙashin fenda ya ci kiliyar har wurin ya dushe. Wannan wurin sai da aka sake fesa shi. Har yau in na tuna raina na ɓaci, don fentin kamfani ne, ba ya dawowa.

Injin da ya dace da wanda ba gwani ba shi ne mai juyi biyu, wanda ke juyawa yana karkarwa lokaci guda. Ba ya tara zafi wuri ɗaya, da wuya ya ƙona fenti. Man goge kuma iri biyu ne: mai kaifi da ake kira kampawun, da mai laushi, wato folish. Ni Meguiar's Ultimate Compound da Ultimate Polish nake amfani da su, amma 3M da Turtle Wax ma suna da nasu. Ka fara da mai laushi da soso mai laushi a wuri ɗaya na gwaji, kamar kan but. In ya fitar, ka tsaya a nan, ba ruwanka da mai kaifi. Ni ban bin kowane zane har sai ya ɓace. In takwas cikin goma sun tafi, na gode Allah, na bar wa gaba sauran kiliyar.

Manna tef a kan roba, baji da gefunan ƙofa, don fenti ya fi siranta a kan kaifi. Ɗiga man sau huɗu a soso, kowane kamar ƙwayar wake. Ɗauki wuri kamar santimita 50 a kan 50, ka dangwala man a kai kafin ka kunna inji, ka baza shi a ƙaramin gudu, sannan ka ƙara gudun injin zuwa lamba 4 ko 5. Soso ya kwanta daram, kada ka karkata shi. Tafi a hankali, hagu zuwa dama, sannan sama zuwa ƙasa, sau huɗu zuwa shida, kowane layi ya hau rabin na baya. Gaggawa ce ke ɓata wannan aikin. Goge da tsaftataccen maikurofaiba, ka fesa sifirit ɗin aisofurofil da aka sirka da ruwa, sifirit ɗin ya zama kashi 1 cikin kashi 4, ka sake haskawa. Sifirit ɗin na wanke maiƙon da ke ɓoye zane, ya nuna maka gaskiyar aikinka. Ka riƙa kankare soso da buroshi bayan kowane wuri biyu.

Yawancin motocinmu 'yan Beljiyam ne, kuma da wuya ka samu wadda ba a taɓa fesa wa ƙofa ko bamba ba. Saboda haka kada ka ɗauka abin da ya yi wa bonet zai yi wa ƙofa. In ka ga soso ya yi baƙi, wannan wurin ba shi da kiliya, launin kake ci, sassauta hannu. Wanda ba shi da inji zai iya da hannu da soson kumfa, sai dai ya ɗauki ƙofa ɗaya a rana. Ni da inji ma wuni biyu na yi, da janareta a gefe saboda wuta.

Fentin da aka goge tsirara yake, sai an rufe shi a ranar. Kakin kanoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a Brazil, yana ba baƙi zurfi mai kyau, amma a zafinmu wata ɗaya zuwa biyu ya tafi. Man kariya na roba, wato na haɗin sinadarai ba na bishiya ba, yakan kai wata huɗu zuwa shida, shi nake shafawa sau biyu a shekara: ƙarshen Oktoba kafin hazo, da Afrilu kafin damina. Shafi siriri, a bari ya yi hazo-hazo, a goge. Man kariya na siramik yana kai shekara biyu ko fiye in an yi shi daidai, yana sa datti ya ƙi kamawa, amma duk wanda ya ce maka yana hana kwarzane kwata-kwata, ciniki yake nema. Kuma in aka shafa shi a kan zane, an kulle zanen ke nan a ciki.

Inuwar darbejiya tana da daɗi, sai dai ƙaronta da kashin tsuntsaye suna cin kiliya cikin 'yan sa'o'i in rana ta buga su. Ina ajiye ƙaramar gorar ruwa da tsumma a but, in jiƙa wurin ya yi laushi sannan in ɗauke. Tamfol kuma kada ka rufa a kan mota mai ƙura, iska za ta yi ta gurza shi duk dare.

Ɗan yayana ya fi shan wahalar sabon tsarin, don bai saba ganin mota da ƙura ya ƙyale ta ba. Na ce masa, "Ɗana, in babu ruwa, gilashi kawai za ka goge, jikin ka bar shi." Yanzu a hunturu haka nake bi ta Kwangila zuwa Samaru da ita fari fat da ƙura daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar da safe mu fito da bokitai biyu.