Sauya rediyon mota da na hannu da kanka, ba tare da ka yanke waya ko ɗaya ba

Motata Corolla ce ƙirar 2005, irin wadda aka yi don kasuwar Amurka, ta shigo ta Kwatano kamar sauran 'yan'uwanta. Rediyon da ta zo da shi daga kamfani bai taɓa ba ni matsala ba, zamani ne kawai ya wuce shi. Faifan CD yake ci, ba ramin filas, ba Bluetooth, ni kuwa duk karatun da nake saurare a waya yake. Kusan kowane mako ina kan hanyar Kano zuwa Zariya, kuma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne amsa kira da hannu ɗaya, ɗayan na kan sitiyari, ga tirela a gaba. Shi ya sa na nemi na hannu, wato wanda aka ciro daga wata motar, mai kyau na ɗaura da kaina wata Asabar da safe. Aikin cikin motar bai kai awa biyu ba. Sai dai sau biyu na sayi rediyo kafin in kai ga wannan Asabar ɗin, don haka daga wurin saye zan fara, a can ake cin riba ko a yi asara.

Na farkon da na saya kyakkyawa ne, mai faffaɗan gilashi. Mai shi ya jona masa batir, ya kawo wuta, sauti ya fito, na biya. Da na zo gida ina murɗa tasha, sai na ga lamba ta kai 90.0 ta koma 76.0. Ashe ɗan kasuwar Japan ne. Su a can zangon FM ɗinsu daga 76 zuwa 90 yake, na baya-bayan nan ne suke ɗan wuce haka, mu kuwa namu daga 87.5 zuwa 108. Ina kama Dala FM a 88.5, amma Freedom Radio a 99.5 da Rahma a 97.3 ko alamarsu babu. Akwai wata 'yar na'ura da ake saƙalawa a wayar eriya ta sauko da tashoshin cikin zangon Japan, sai dai lambar da za ka gani a fuska ba ita ce ta tashar ba, kuma sautin yakan ragu. Ban ga dalilin sayen wahala da kuɗina ba, na mayar. Wasu daga cikin irin waɗannan masu taswira ma ba sa tashi sam sai da katin taswirarsu a ciki, ga rubutun duka da Japananci. In ka ga irin rubutun nan a jikin maɓallai, ajiye shi.

Na Amurka shi ma da nasa halin. A FM tsalle yake daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, wato lambobin da ba sa rabuwa biyu kaɗai yake tsayawa a kansu. Tashoshin da na ambata duk sun dace da wannan, amma tashar da lambarta ta ƙare da 0 ko 2 ko 4 zai wuce ta gefenta ne, ka ji ta da shashsheƙa. A AM kuma goma-goma yake tafiya, alhali a nahiyarmu tara-tara ake. Mai son Rediyon Najeriya Kaduna a 594 sai ya tsaya a 590 ko 600. Na Turai da waɗanda aka yi don Gabas ta Tsakiya da Afirka su ne daidai da mu, wasu Pioneer da Kenwood ma suna da wurin sauya wannan tsallen a saitin farko. Ka rubuta lambobin tashoshin da kake ji a takarda, ka tafi da ita, ka kamo su ɗaya bayan ɗaya a gaban mai kaya. In kana yawan tsallakawa Maraɗi ko Damagaram, ka haɗa da na can.

A Kano, Ƙofar Ruwa ake fara dubawa, a Kaduna kuwa Panteka. Ko ina ka je, kada kawo wuta kaɗai ya ishe ka. Rediyo yana da mafitar lasifika huɗu, kuma sau da yawa ɗaya ce take ƙonewa ta bar uku. Ka sa a ɗauki lasifika guda a zagaya da ita kan dukkan huɗun. Ka murɗa abin ƙara sauti a hankali sama da ƙasa, domin wanda ya tsufa yakan yi tsalle ko ya koma baya kana murɗa shi gaba. Ka soka filas ɗinka, ka haɗa Bluetooth da wayarka, ka kira wani ya faɗa maka ko yana jin ka. Wannan ne zai tuna maka ka tambayi 'yar makirfonsa, don da yawa ana ciro su daga mota a bar ta a can. Ka bar shi a kunne kamar minti goma, akwai cutar da sai ya ɗauki zafi take fitowa.

Abu mafi muhimmanci shi ne wutsiyarsa, wato soket ɗin bayansa da wayoyinsa. Kowane kamfani da tasa, ta Pioneer ba ta shiga Sony ko Kenwood ko da ramukan sun yi kama. Kada ka karɓi rediyo ba wutsiya bisa alkawarin za a nemo maka. Kuma ka karɓi rasit. In ka ga alamar an ɓanɓaro shi da ƙarfi, gefensa a lanƙwashe, farashin kuma ya yi arahar da ba ta dace ba, ka bar shi, wataƙila wani bawan Allah ne aka fasa wa gilashi da dare.

Wanda kuma yake son ɗaura rediyon kamfani na wata motar da ta fi tasa, ya kula da lambar sirri. Rediyon Honda da yawa da zarar an raba shi da batir sai ya kulle, ya nemi lambobinsa, yawanci biyar. Ba lamba, ba aiki. Ka sa a buɗe shi a gabanka, ka rubuta lambar.

Sai girma. Ma'aunin duniya iri biyu ne: siriri mai faɗin milimita 180 da tsayi 50, da mai ninki biyu, 180 da 100. Fuskar rediyon Corolla irin tawa ba ta bi ko ɗaya ba, tana da nata fasali, don haka sai da na sayi firem na roba da aka yi don Corolla 2003 zuwa 2008 ya cike gefe da gefe. Masu Accord ta 2003 zuwa 2007 su yi tunani sosai kafin su fara, domin rediyonsu a haɗe yake da maɓallan esi a allo guda, ba a cire shi haka kawai.

Kaya na ƙarshe da za ka saya shi ne wanda ya sa na ce ba yankan waya. Wani ɗan soket ne, gefe ɗaya yana shiga filogin motar daidai, ɗaya gefen kuma wayoyi ne a sake. Toyota tun 1987 filogi biyu take amfani da su a yawancin motocinta, mai rami goma da mai rami shida, kuma lambar soket ɗin a wurin kamfanin Metra 70-1761 ce, akwai kuma makamantansa da yawa. Motar da ta zo da sautin JBL tana da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, daban, nata soket ɗin ma daban ne. Na sha ganin mota an yanke mata filogi an murɗe wayoyi da baƙin salatif. Ranar da za a sake canja rediyo, ko a sayar da motar, ba wanda ya san wace waya ce wace. Ni ina ganin haƙƙin mota ne da na wanda zai gaje ta a bar mata filoginta.

Haɗin wayoyin a kan tebur na yi shi, a inuwa, tun kafin in taɓa motar. Wutsiyar rediyo da wannan soket launinsu ɗaya ne, kala da kala kawai za ka bi. Rawaya ita ce wutar batir ta kullum, ita take riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja tana kawo wuta ne in an murɗa makulli. Baƙa ita ce ta jikin mota, wadda masu wayarin ke ce wa at. Ruwan goro ta hasken dare ce. Shuɗiya ta eriya, shuɗiya mai ratsin fari ta tayar da amfilifaya. Lasifiku kuwa biyu-biyu suke: fara ta gaba hagu, ruwan toka ta gaba dama, koriya ta baya hagu, shunayya ta baya dama, kowace da abokiyarta mai ratsin baƙi. Wannan mai ratsin baƙin ba ta jikin mota ba ce. Kada ka haɗa ta da ƙarfe, kada ka haɗa ta da ta wata lasifikar, nan take ake ƙona abin sautin rediyo.

Ga inda masu yanka suke faɗawa rami. Launin wayoyin Toyota na cikin mota bai bi wancan tsari ba ko kaɗan. A tawa, baƙar waya ta lasifikar baya ce ta hagu, ja kuma ta lasifikar baya ta dama. Ta jikin mota ruwan ƙasa ce, wutar makulli ruwan toka, wutar kullum shuɗiya mai ratsin rawaya. Wanda ya ɗauki baƙa ya haɗa da baƙa, ja da ja, ya yi ɓarna yana ganin ya bi ƙa'ida.

Da dalma na haɗa kowace waya, na rufe ta da robar nan da take tsukewa in an nuna mata zafi. Ka tuna ka zura robar kafin ka haɗa. In ba ka iya dalma ba, akwai ƙananan bututun matsewa da filaya, suna riƙewa sosai. Salatif kaɗai ne ban yarda da shi ba. Zafin watan Afrilu a cikin motar da ta yini a rana narkar da gamsa yake, ya warware, tsirarar waya ta taɓa ƙarfe. Wayar da ba ka yi amfani da ita ba ma ka rufe bakinta.

Yanzu sai mota. Ka fitar da faifan da ke cikin tsohon rediyo, ka kashe ta, ka ɗauki sifana mai lamba 10 ka cire kan batir na nagetif, ka kautar da shi gefe. A Corolla irin tawa daga ƙasa ake hawa. Robar da ta kewaye giya ake fara ɓallewa, da yatsu ko da wani abu na roba. In sukudireba za ka sa, ka naɗe bakinta da tsumma, robar da ta sha rana shekara da shekaru ba ta da haƙuri. Sai ka zare maɓallin tsakiya na allon esi, akwai sukuru ɗaya a ɓoye a bayansa. Da ka kwance shi allon zai fito, ka bar shi a rataye, ba sai ka taɓa igiyoyinsa ba. A ƙarƙashin rediyon za ka ga noti huɗu masu lamba 10. Ka riƙe su da kyau, wanda ya faɗa cikin dashbod sai dai ka riƙa jin ƙararsa a kowane gargada. Rediyon tare da ramukan iska yake fitowa. Ka zare filogi biyun, da eriya, da soket ɗin fitilar haɗari. Duk wayar da ka gani a cikin rawayar riga mai rawayan soket ta jakar iskar da take fashewa ta kare mutum a haɗari ce, kada ka kusance ta da mitar auna wuta ko ƙwan gwaji.

Wurin ɗaura ƙarafan gefe masu riƙe rediyo a jikin sabon, da yawa za ka ga ramuka da harafin T na Toyota da N na Nissan. Ka yi amfani da gajerun sukurori, kada su wuce milimita 8. Dogo yana iya kaiwa ga allon da ke ciki.

Kafin ka mayar da komai, ka jona filogi, ka ɗora rediyon a kan tsumma, ka mayar da kan batir ka gwada. Ka tura sauti gaba, baya, hagu, dama, ka ji kowace ƙofa ta amsa a inda ya kamata. Ka ajiye tasha, ka kashe mota, ka zare makulli, ka sake tayarwa. In ya manta tashar, rawaya da ja ne suka sauya wuri. Masu Golf da Opel sun fi gamuwa da wannan, domin a soket ɗinsu wayoyin biyu a juye suke zuwa. Da mita za ka tabbatar: wutar kullum tana nuna wajen volt 12 ko da makulli na aljihunka, ta makulli kuwa sifili ce sai ka murɗa. In bai kawo wuta ba sam, ka duba fis ɗin da ke bayansa, yawanci mai lamba 10 ne, sannan na motar. In ya ƙone, ka mayar da mai lamba irin tasa, ba zaren waya ba. In FM ta yi rauni alhali a kasuwa tana kamawa tar, kuma eriyar motarka a jikin gilashin baya take, to shuɗiyar wayar ce ba ka haɗa ba, ita take ba ƙaramin amfilifayan eriyar wuta.

Masu gilashin bidiyo suna da wata waya ta birkin hannu, wadda take hana hoto fitowa in mota na tafiya. Wasu a jikin ƙarfe suke ɗaure ta don fim ya yi ta yi a kan hanya. Ni a birkin na haɗa ta. Na canja rediyon nan ne don idona ya zauna a kan titi.

Makirfon a saman ginshiƙin sitiyari na manna ta, nesa da ramin iska, na bi da wayarta ta ƙarƙashi yadda ba za ta kusanci feda ba. Na tattare wayoyin baya na ɗaure su don kada su riƙa kaɗawa, na mayar da soket ɗin fitilar haɗari, noti huɗu, allon esi, sukuru, maɓalli, robar giya. Na shiga saiti na goge sunayen wayoyin mai shi na da daga Bluetooth, na gyara agogo. Tsohon rediyon kuma na sa shi a leda saboda ƙurar hunturu, na rubuta ƙirar motar a jiki, yana saman kabad. Ranar da zan sayar da ita, in mai saye ya fi son na kamfani, filogi biyu zan zare in mayar masa.