Baƙi ko ruwan ƙasa: yadda za ka zaɓi launin fatar kujerun mota

Idan aka buɗe maka ƙofofin motoci biyu iri ɗaya, ɗaya kujerunta baƙaƙe, ɗaya ruwan ƙasa, ruwan ƙasar ce za ta fara ɗaukar idonka. Cikinta ya fi haske, ya fi nuna faɗi, ɗinkin kujera ma ya fi fitowa. Sai dai zaɓin da ido ya yi a minti biyar, kai ne za ka zauna a kansa shekaru. Babu launin da ke hana datti. Kowanne da irin dattin da yake ɓoyewa da wanda yake tonawa, don haka tambayar farko ita ce: wane irin datti ne zai riƙa shiga motarka, kuma a ina take yini?

Abin da ake kira ruwan ƙasa faɗi gare shi. Akwai mai haske da ya kusa zama ruwan madara, akwai matsakaici mai kamar ruwan zuma, irin wanda BMW ke kira Cognac, Ferrari kuma ke kira Cuoio, akwai kuma mai duhu, ruwan makuba, wanda da yamma ba ka bambanta shi da baƙi. Halinsu ba ɗaya ba ne. Mafi yawan koke-koken da ake yi kan "ruwan ƙasa" na mai hasken ne.

Batun zafi

Gaskiya ne baƙi ya fi shan rana, amma a san inda bambancin yake. A saman fatar yake, daidai inda rana ta doka ta gilashi. Iskar cikin motar kuwa, ko wane launi ne, za ta yi zafi. A 2018 masu bincike daga Jami'ar Jihar Arizona da Jami'ar Kaliforniya ta San Diyego sun fitar da sakamakon wani gwaji: sun ajiye motoci awa ɗaya a rana, a kwanakin da zafin waje ya haura digiri 37. Iskar ciki ta kai kusan digiri 47, kujera 51, sitiyari 53, dashbod 69. Waɗanda aka ajiye a inuwa, kujerunsu sun tsaya wajen digiri 41. Ba launi suka gwada ba, amma lissafin ya nuna abu guda: inuwa kaɗai ta rage wa kujera digiri 10.

Saboda haka, motar da ke kwana a gareji, ta yini a ƙarƙashin rumfa, zafi ba hujja ba ne na guje wa baƙi. Wadda ke yini a fili kuwa, musamman mai rufin gilashi, mai haske zai sauƙaƙa wa cinya da baya a mintunan farko kafin na'urar sanyaya ta kama. Ruwan ƙasa mai duhu ba zai cece ka sosai ba a nan. In ka nace wa baƙi, ka riƙa sa abin tare rana a gilashin gaba, ka ajiye motar ta ba rana baya, ko ka nemi mai kujerun da ke hura iska ta ƙananan ramuka.

Abin da kowanne ke tonawa

Baƙi yana ɓoye tabon ruwa, da shatin tufafi, da dauɗar hannu. Abin da ba ya iya ɓoyewa shi ne duk wani abu mai haske: ƙura, gashin dabba, zaren tufafi, hoda, da farin shatin man kariya daga rana, wanda ke maƙalewa cikin zanen fata a jikin ƙofa da wurin ɗora hannu. Ka goge da safe, da yamma ka ga ƙura ta kwanta a kan ɗinki. Yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: tunda ba ya nuna dauɗa, mai shi ba ya wankewa. Maiƙon jiki da gumi su taru, fatar ta fara sheƙi. Mutane da yawa na ɗaukar wannan sheƙin a matsayin kyau, alhali sabuwar fatar mota ba ta ƙyalli. Sheƙi alama ce ta maiƙo da gogewar siririn shafin da ke kare saman fatar.

Ruwan ƙasa akasin haka ne. Ƙura ba ta fitowa a kansa, don kusan launinsu ɗaya. Babban abokin gabansa shi ne tufafin da ke zuba, musamman sabon wandon jins. Shunin jins a saman zare yake zama, ba ya shiga can ciki, don haka gogayya da ɗan gumi sun isa su sauke shi a kan kujera. Za ka fara ganinsa a gefen kujerar direba ta ɓangaren ƙofa, inda ake gogawa wajen shiga da fita: wani shuɗi-shuɗi mai toka-toka. Baƙin bel na wando ma yana barin layi a bayan kujera. In an goge cikin 'yan kwanaki yana fita da sauƙi. In ya yi watanni, zafi zai sa ya nutse cikin shafin, daga nan sai dai a sake fenti. Tawadar biro ma haka.

A ganinmu, matsakaici zuwa mai duhu shi ne ya fi haƙuri da rayuwar yau da kullum: yana haɗiye ƙura, shunin jins bai cika fitowa a kansa ba, kuma ba ya sa cikin mota ya yi duhu kamar baƙi. Mai haske sosai na wanda ya yarda zai riƙa gogewa duk mako ne.

Kafin launi, san irin fatar

Yawancin fatar kujerun mota an shafe ta da fenti, sannan aka bi da siririn shafi na roba mai kare ta. Abin da hannunka ke taɓawa shafin ne, ba ainihin fatar ba. Akwai kuma wadda aka rina kawai, ba a shafe ta ba ko an yi mata shafi kaɗan, ana samunta a wasu motoci masu tsada, kuma sau da yawa ruwan ƙasa ce, don a nan kyanta ke fitowa. Ita tana shan ruwa da mai, tana yin duhu inda hannu da kai ke taɓawa, rana kuma tana koɗar da ita da wuri. Wasu na son wannan tsufan, wasu ba sa iya kallonsa.

Gwajin ba wuya. Nemi wuri a ɓoye, kamar ƙasan gefen kujerar baya, ka ɗiga digon ruwa ɗaya, ka jira minti ɗaya. In ya tsaya kamar ƙwallo, akwai shafi. In ya nutse ya bar duhu, fatar a buɗe take, kuma sabulun da za a ambata a ƙasa ba nata ba ne, tana buƙatar kayan gyara nata na musamman.

Wasu kujerun ma ba fata ba ne, roba ce mai kama da fata: MB-Tex da Artico na Mercedes, SofTex na Toyota, NuLuxe na Lexus, Sensatec na BMW. Ba aibi ba ne, da yawa sun fi fata jure wahala, amma shunin jins yana kama masu haskensu su ma. A motoci da dama, inda ake zama ne kawai fata, gefe da baya roba ne. A baƙi ba a ganewa. A ruwan ƙasa, bayan shekaru, kowanne na iya koɗewa ta hanyarsa, kujera ɗaya ta zama launi biyu.

Dubi abin da ke kewaye da kujerar

Nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Kujera ruwan ƙasa ana goge ta da tsumma. Kafet ruwan ƙasa kuwa yana shan laka da tabo, kuma gefen ƙofa na ƙasa yana cika da shatin takalmi. Bel ɗin kujera mai haske yana yin baƙi a daidai inda hannu ke ja, wankinsa kuma da wuya, don ba a sa masa bilic ko wani abu mai ƙarfi, yana raunana zaren. Sitiyari mai haske shi ne zai fara tsufa a duk motar.

Saman dashbod ya fi duka muhimmanci, don ya shafi tuƙi. In mai haske ne, hotonsa yana fitowa a gilashin gaba idan rana ta take, ya rage maka ganin hanya. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke barin samansa da duhu ko da sauran cikin motar mai haske ne. Haɗin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne kujeru da tsakiyar ƙofa ruwan ƙasa, kafet da bel da sitiyari da saman dashbod baƙaƙe.

Wajen dacewa da fentin waje, baƙi na tafiya da kowane launi. Ruwan ƙasa ya fi kyau da kore mai duhu, shuɗi mai duhu, fari da baƙi, yana kuma iya yin faɗa da ruwan azurfa ko wani jan. Ka fitar da motar waje ka duba da hasken rana. Fitilun ɗakin nuni suna canza ruwan ƙasa, wanda ka gani kamar zuma a ciki ya fito ja-ja ko ruwan goro a waje.

In motar ta hannu ce

Fara da gefen kujerar direba. A baƙi, tsaga tana fitowa fari-fari ko toka-toka, don abin da ke ƙarƙashin fentin ya fi shi haske. A ruwan ƙasa, datti ne ke cika tsagar ta zama baƙin layi. Tanƙwara kawai ba matsala ba ce, duk fata na yi. Abin gudu shi ne inda farce ke maƙalewa ko fenti ke ɓarewa. Gwada launin saman kujerar baya, inda rana ke doka, da na ƙasan wurin ɗora hannu, ka ga iya koɗewar. Sannan ka goga farin tsumma mai ɗan danshi a kujerar direba. In launin kujerar ya biyo tsumman, ko ka ga fenti ya toshe ramuka ko ya hau zaren ɗinki, an sake mata fenti, kuma aikin bai yi kyau ba.

Gyara ma baƙi ya fi sauƙi. Kujera ko murfin ƙofa baƙi an fi samunsa a kayan motocin da aka kwance, kuma ko bai yi daidai ɗari bisa ɗari ba, ido ba ya kamawa. Ruwan ƙasa kuwa kamfani ɗaya na iya samun iri-iri, ga koɗewa ta canza shi, sai mai gyara ya haɗa fenti da hannu yana gwadawa da kujerar kanta. Lambar launin ciki na taimakawa. A Toyota tana jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. Wajen sayarwa, baƙi ba ya korar mai saye, ruwan ƙasa mai tsabta yana jawo wanda ke nemansa, mai dauɗa kuma yana tsufar da mota fiye da shekarunta.

Yadda ake kula da su

Duk mako ɗaya ko biyu, a zuƙe ƙura da na'ura mai baki mai taushi, a bi ɗinki da lungu, don yashin da ke nan shi ke cin shafi kamar sanfefa. A bi da tsumma mai laushi da aka jiƙa aka matse sosai. Duk wata uku, ko duk wata ga mai haske, a yi wanki da sabulun fatar mota mara kaifi. A zuba a kan buroshi mai taushi, ba a kan kujera ba, a tayar da kumfa, a yi aiki a wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, a share da farin tsumma kafin ya bushe. Farin tsumma ne zai nuna maka ko datti ne ke fita ko fenti. A yi a inuwa, fatar ta huce tukuna. In kujerar mai ramuka ce, kada a bar ruwa ya shiga ciki, don a ƙasa akwai soso, wani lokaci da wayoyin ɗumama kujera.

Ga mai haske, bayan wanki a shafa ruwan kariya na fata wanda ba ya maiƙo, yana sa shuni ya tsaya a sama maimakon ya nutse. Man da ke sa ƙyalli ba shi da amfani a fata mai shafi: ba ya ratsawa, ƙura kawai yake kamawa, kujera ta yi santsi. A nisanci fetur, tina, ruwan cire jan farce, man tsabtace hannu mai sinadarin barasa, da farin soson nan mai goge tabo, wanda kankare shafin yake yi. Duk sabon abu a fara gwada shi a ɓoye.

Mai son sa wa kujera riga don kare launinta ya duba gefen kujerar tukuna. In an rubuta SRS ko AIRBAG, jakar iska na ciki, kuma rigar da ba a ɗinka ta don ta yage a wannan wurin ba tana iya hana jakar fitowa daidai lokacin hatsari.